Safar Ulu Ta Je Jidda Ta Dawo

Ladan na cikin kiran assalatu muka bar Bukuru, ana ɗan yayyafi, mu uku a kujerar bayan wata motar haya: ni, da maƙwabcina mai fataucin fatu, da wani hedimasta da muka yi ritaya shekara ɗaya. Umra za mu. Amma tunda kun matsa sai na ba ku labarin tafiyar, gara in faɗi gaskiya tun da wuri. Su umra ce kaɗai ta fito da su. Ni umra ce da kuma wani mutum guda a Jidda, wanda rabona da shi shekara ashirin da ɗaya.

Sunansa Mamman, amma a Bukuru ba wanda ya san shi sai da Akawu, don shi ke rubuta awon kuza a wani kamfani. Ni kuma ina ba da magani a ƙaramin asibitin ma'aikata, shi ya sa yake ce mini Disfensa. Zamanin muna samari, Allah ya yafe mana, duk Asabar da la'asar muna mashayar wata Bayarabiya a bayan tashar jirgin ƙasa. Ba ma cikin masu rawa, ba ma cikin masu faɗa. Teburinmu na can lungu, kwalba ɗai-ɗai a gabanmu, shi yana karanta mana littafin labarin Turawa da ƙarfi, irin wanda ake kashe wani attajiri a yi ta neman wanda ya kashe shi, ni kuma ina saƙa safa. Wata sista Baturiya ce ta koya mini saƙar da allurai huɗu, saboda sanyin garin nan ba ya raga wa ƙafa. Mutanen mashaya sun yi mini dariya har suka gaji, daga baya ma wasu suka riƙa kawo ulu in saƙa musu.

Muna tsakiyar wani littafi, ana neman wanda ya sa wa wani mai jiragen ruwa guba, shi ya dage kukun gidan ne, ni na dage matarsa ce, sai ya zo ranar nan ya ce ya bar sha, kuma zai kai mahaifiyarsa Makka ta ƙasa. Na ji haushi, don na ga za a bar ni ni kaɗai a teburin. Na yi masa baƙar ba'a, na ce waliyyin da aka yi daga kwalba ba ya kai ko Yarwa ta Barno. Ranar da za su tashi na je tasha na cusa masa safa a aljihu, na juya na tafi. Tsohuwar ta sauke farali ta rasu a can, shi kuma ya zauna Jidda ya yi iyali. Ni ma na daɗe da barin kwalbar, sai dai bai sani ba. Bayan Babbar Sallar da ta wuce wani alhaji ya kawo mini takardarsa, layi biyar, rubutun duk ya karkace. Ya ce idonsa yana tafiya, in zan zo in zo tun yana iya ganin fuskata.

To, abin da ya fito da ni ke nan: in ga ko abokina yana nan cikin wannan mutumin, tun kafin lokaci ya ƙure mana. Na ɗaure daddawa da kuka da goro saboda mutanen gidansa. Shi kuwa na ɗauko masa littafin nan da ba mu ƙarasa ba, da sabuwar safa ta ulu ruwan toka, mai kauri. Ƙafa ɗaya na gama, ɗayar saura daga diddige zuwa yatsu.

A Saminaka muka tsaya shan shayi da ƙosai. Tun da aka sauya kuɗi zuwa naira ƙosai ya ƙanƙance, mai suyar kuma ta rantse mana ba laifinta ba ne, laifin mai ne. Daga nan zuwa Pambeguwa hanya ta ci ruwa, muka tarar da wata roka ta kafe a taɓo, fasinjojinta sun sauko suna turi, direban yana zaune a ciki yana ba su ƙwarin gwiwa. Ni dai na fito da saƙata. Hedimasta ya dube ni ta saman tabarau ya ce ko jikar ce ta haihu. Na ce tsarabar Jidda ce. Ashe ajiye maganar ya yi.

Mun kwana Fagge wurin dangin mai fatu, da safe muka ɗaura harami muka shiga jirgi. Mai fatu, wanda ke iya kwana a kan buhunan ƙirgi a bayan roka ba gezau, ya riƙe hannun kujera gam, bai saki ba sai da aka kawo abinci a wasu 'yan ƙananan akwatuna. Da aka ce muna bisa Sudan na leƙa ta taga, ba komai sai jan fili. Abin da Akawu da tsohuwarsa suka yi wata goma sha ɗaya suna ketawa, mu muka ƙetare shi tsakanin hantsi da la'asar. A saman nan na rufe bakin yatsun safar, na yanke zaren da haƙori.

Da aka buɗe ƙofar jirgi a Jidda, sai na ji kamar an ɗaga murfin tukunyar tuwo a fuskata. Zafin ba irin namu ba ne. Mai laima ne, kana tsaye kawai ruwa na bin bayanka. Muna sauka matakala hedimasta ya taɓo ni ya ce, "To Disfensa, ga garin da ka saƙa wa safar ulu." Mai fatu ya kwashe da dariya har yana riƙe haraminsa kada ya kwance. Ni ma na yi dariyar. Amma ta shige ni, kuma daga nan ɓarnar ta faro.

Labarin Makka ba zan tsawaita shi ba. Wanda ya je ya sani, wanda bai je ba Allah ya kai shi. Kwana uku muka yi, na yi kuka inda kowa ke yi, muka aske kai muka dawo Jidda, muka sauka a gidan wani Bahaushen Sudan kusa da Bab Makka. Kwana huɗu ya rage mana.

Bab Makka kasuwa ce da ba ta san hutu ba sai an kira salla, a rufe kantuna rub a tafi masallaci. Tsofaffin gidajen wurin dogaye ne, hawa huɗu hawa biyar, tagoginsu na katako mai sassaƙa sun turo kan hanya, wasu sun karkace har kana sauri in za ka wuce ƙarƙashinsu. Manyan motoci masu faɗin ɗaki suna kokawar hanya da jakuna masu jan tankin ruwa. Da safe kowa ful yake ci, wato wake ne aka dafa ya yi lugub aka zuba masa mai, da wata faffaɗar gurasa mai zafi da ake ce wa tamis. Da riyal guda mu uku mun ƙoshi. Ga matanmu zaune a gefen titi da farantan gyaɗa da gurjiya, ga mai tsire yana fifita wuta kamar a Sabon Gari, sai ka yi masa Hausa ya amsa maka rabi da Larabci. Yadi kuwa da agogo da rediyo, arha har ta sa mai fatu ya fara tunanin sauya sana'a.

A nan na ce musu gobe zan je ganin abokina. Mai masaukinmu da ya ji sunan ya gyara zama. Ya ce ai Shehu Muhammadu na Kurayyat babban mutum ne, shi ke limancin unguwa, shi ke sasanta mutane, duk wanda takardar iƙamarsa ta rikice, wato izinin zama, wurinsa yake zuwa. Hedimasta ya ce, "Ka ji ko? Wannan za ka kai wa safa da littafin kashe-kashe? Babban mutum agogo ake kai masa." Na koma ɗaki na buɗe akwatina na ƙarfe, na tura safar da littafin can ƙasa, na danne su da yadin da na saya wa iyali. Na fita na sayi agogon hannu mai ruwan zinariya. Ku duba fa: na taso tun daga Bukuru, na zo na saya wa mutumin Jidda tsaraba a kasuwar Jidda.

Kurayyat tana kudu da gari. Kwalta ta raka mu wani wuri ta koma, muka shiga rairayi da kwatami. Gidajen wasu na bulo ne, wasu na langa-langa da katakon akwatunan tashar jiragen ruwa, har da rubutun kamfani a jikinsu. Yara masu kamannin yaranmu suna ƙwallo suna zagin juna da Larabci. Ban buƙaci mai nuna mini gida ba sosai, don ƙamshin daddawa ya gaya mini na iso cikin namu. Babbar 'yarsa Sa'adiyya ce ta tarbe ni a ƙofa, matar aure mai 'ya'ya biyu, haihuwar Jidda. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi sai ta riƙa cike gurbi da Larabci. Ta karɓi ƙullin kuka ta shinshina, ta ce, "Ahlan, Baffa, ahlan. Baba tun asuba yake tambaya."

Na shiga da sunan Akawu a bakina, wallahi. Sai na tarar da wani dattijo mai farin gemu zaune a kan gado, da carbi a hannu, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo, dattawa biyar a kan darduma suna ce masa Shehu. Sunan ya maƙale. Na durƙusa na ce, "Alhaji, mun same ku lafiya?"

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Sannan ya ce, "Lafiya lau, Malam. Sannu da hanya."

Shi ke nan, na gina katanga shi kuma ya yi mata yaɓe. Ya sa na matso kusa da taga ya daɗe yana kallona, ya ce na yi furfura. Na miƙa agogon. Ya jujjuya shi, ya kai dab da ido, bai ga hannayen ba, sai ya kara shi a kunne yana sauraro. Ya yi godiya mai yawa, dattawa suka sa albarka. Ni kuwa na ji kamar in nutse, don sai a lokacin na tuna abin da takardarsa ta ce game da idon.

Kwana biyu ina zuwa ina wuni. An yi mini shinkafa da kifi irin tasu, an yi tuwo da kukar da na kawo, ya ci yana lumshe ido. Hirarmu kuwa ba ta wuce wane ya rasu, wane yana nan, kuza ta faɗi, buhun shinkafa nawa. Ina ganin bargon nan a ƙafarsa cikin wannan zafi, fanka na kaɗawa, kowa na sharce gumi. Na ɗauka wani miki yake ɓoyewa, na ce ba ladabi ba ne in tambayi limami a gaban mutanensa. Shekara talatin ina duba ƙafafun ma'aikata, amma na kasa ɗaga bargo guda.

Rana ta uku bayan la'asar ya sallami dattawan, ya ce yau shi da baƙonsa za su sha iska. Mijin Sa'adiyya direba ne a gidan wasu masu hali a Abhur, can arewa bakin teku, shi ya kwashe mu a mota. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, teku a hagu, fili fetal a dama, nan da can an kewaye wuri ana gina gidajen hutu. Ya sauke mu a wata gahawa, wato wurin shan shayi na maza, mai dogayen kujerun igiya waɗanda sai ka ɗan yi tsalle kafin ka hau. Masunta da direbobi suna zuƙar shisha suna buga karta, rediyo na waƙa. Akawu ya ce wa surukinsa a kai mu can lungu. Aka kawo shayi a 'yar buta da ƙananan kofunan gilashi. Ya kurɓa, ya juya fuska wajen ruwa, ya ce ya kan zo nan wani lokaci shi kaɗai, hayaniyar tana yi masa daɗi.

Teburin lungu, da la'asar, mu biyu. Jaki ma da ya gane. Ni ban gane ba.

Can ya ce, "Malam, har yanzu kana karance-karancen nan?"

Zuciyata ta ce limami ne yake gwada ka, yana so ya ji ko ka shiryu. Na ce, "Haba Alhaji, ai na bar wannan tuntuni. Sai Ƙur'ani."

Ya ce, "Madalla." Ya juya kofinsa a kan faranti. "Saƙar fa?"

Na ce, "Ita ma. Aikin yarinta ne."

Ya ce madalla, a hankali ƙwarai. Bai ƙara tambayata komai ba. Muka zauna muna kallon wani kwalekwale har aka kira magariba. Ƙarya biyu na yi masa a zama ɗaya, kuma a raina ina ganin girmama shi na yi.

Washegari da sassafe wakilin jirgi ya zo ya kwashe akwatunanmu zuwa awo, aka ce ba mu ƙara ganinsu sai Kano. Da hantsi muka ɗauki tasi mu uku, na ce a biya ta Kurayyat in yi sallama, minti goma. Na shiga, muka yi musafaha, ya yi mini addu'a irin wadda limami ke yi wa matafiyi, na fito. A soro Sa'adiyya ta tsare ni, da wani abu a hannunta.

Safa ce. Da ƙyar na gane ta, don an yi mata faci da zare kala-kala har asalin ulun ya kusa ɓacewa. Amma diddigen nawa ne, na san yadda nake juya shi.

Ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri, Baba ya ce kada in yi magana, lakin ba zan iya ba. A ƙasarku ba wanda ya iya wannan yanzu? Ko wata mata? Baba ya yi shekara goma sha huɗu yana aiki a tallaja a mina, ɗakin ƙanƙara na nama a tashar jiragen ruwa, yanzu kuma ga sukari. Ƙafarsa kullum sanyi, kullum, ko ana wuta. Ta kanti tana matse shi, ba ta ɗumi. Wannan kawai yake so, kuma khalas, ta mutu." Ta share ido da gefen mayafi. "Tun da aka ce za ka zo yake gaya mana, Disfensa zai zo mini da safa, ba sai na roƙa ba. Zai ƙarasa mini labarin mai jiragen ruwa. Jiya ya dawo daga Abhur bai ci abinci ba."

A waje direba ya danna ham, yana kiran yalla, yalla. Safar tana filin jirgi, a ƙasan akwati, ƙarƙashin yadi, tare da littafin.

Na juya na koma ciki ko takalmi ban cire ba. Dattawa biyu sun riga sun zo. Na tsaya a tsakar ɗaki na ce, "Akawu!"

Dattawan suka dube ni kamar na zagi wani. Shi kuwa ya ce, "Sai yanzu, Disfensa? Sai yanzu, ɗan banza?"

Na zauna a bakin gadon na yaye bargon na kama ƙafafunsa. Sanyi ƙalau, kamar randa. Na gaya masa ƙarya na yi, ban bar karatu ba, ban bar saƙa ba, na saƙo masa safa tun daga Bukuru na ƙarasa ta a sama, kunya ta sa na ɓoye, yanzu tana cikin kayan awo. Na ce ya yafe mini wannan, ya yafe mini maganar Yarwa. Ya ce maganar Yarwa ai ita ta kai shi Makka, don duk inda ya so juyawa sai ya tuna zan yi masa dariya. Ya lalubo kunnena ya murɗe. Sannan ya ce, "Bar wannan duka. Wa ya sa gubar?"

Na ce, "Kukun ne."

Ya buga cinya ya ce, "Na faɗa maka! Tun a teburin Bayarabiya na faɗa maka!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, hawaye na bin gemunsa, dattawan nan suna kallon limaminsu baki buɗe. Ya ce in ba shi labarin yadda aka kama kukun. Na fara, ina tsallake rabi, ham na ta ƙara a waje, har hedimasta ya shigo da kansa ya ce jirgi ba ya jiran kowa. Abin da muka samu ke nan, ni da abokina, a cikin kwana huɗu: abin da bai fi minti goma ba.

A jirgi abokan tafiyata sun ga fuskata, ba wanda ya yi mini ba'a. Da na ba su labari hedimasta ya ce laifinsa ne. Na ce a'a. Shi dariya kawai ya yi, ni na buɗe akwati na tura safar ƙasa. Mun sauka Kano ana ruwa, muka kwana, washegari da la'asar muna Bukuru. Iyali suka yi murna da yadi. Da aka kwashe shi, ga safar nan kwance a kan littafin, ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Kun tambaye ni abin da na koyo a tafiyar. Na ga Ɗakin Allah, na ga teku, na san farashin agogo a Bab Makka. Amma abin da ya zauna mini shi ne, na je na ba abokina girma, alhali girma ya yi masa yawa a Kurayyat, kowa shi yake ba shi. Wanda zai kira shi Akawu ne ba shi da shi, kuma ni kaɗai na rage a duniya da zan iya. Na yi nadama, ba kaɗan ba.

Ba shi da akwatin gidan waya, saƙo sai ta hannun matafiyi, kuma na bi gari ban samu mai zuwa ba sai maniyyata, nan da wata biyar. Na naɗe safar a takarda na rubuta sunansa da Larabci yadda Sa'adiyya za ta iya karantawa. Na kuma ɗora wata a kan allurai, don hannuna ya ƙi zama. Kullum da asuba in na sauko da ƙafata kan simintin nan sanyi ya kama ta, sai in tuna akwai mai jin sanyi a Jidda, safarsa kuma tana nan kan teburina.